Sun Ce Beli Ne Ya Sauko

Da sunan Allah mai jarraba bawansa da cuta, Ya kuma buɗe masa ƙofar magani. Ina yi muku sallama, 'yan uwana mata da duk wanda wannan rubutu ya iske. Sunana Safiya, ina aure a Takur, cikin Dutse. Labarin jinyar maigidana Usman zan ba ku, don kada wata ta tsaya kallo kamar yadda na tsaya, har abu ya kusa fin ƙarfin kowa.

Tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya. Na karanta na kasuwa, na karanta na waya, har Usman kan ce shi mace ɗaya ya nema aka haɗa masa da akwatin littattafai. A cikin littattafan nan jinya abu ce mai daɗi. Miji yana kwance a kan farin zanin gado, matarsa tana shafa masa goshi, ta ba shi farfesu a baki, shi kuma ya riƙe hannunta ya ce ganinta ma magani ne. Shi ya sa ranar da ya dawo daga sakatariya dafe da wuya, ya ce maƙogwaronsa na yi masa zafi ta ɓangaren hagu, ko gezau ban yi ba. Har turaren wuta na ƙara a ɗaki.

"To Malama," ya ce yana murmushi, "a littafin naki, a wane shafi ake kawo farfesun?"

Na sa aka yanka kaza, na yi farfesu da citta da kanumfari. Cokali ɗaya ya kai baki. Na ga fuskarsa ta murɗe, ya dafe kunne, ya buga ƙafa har tiren ya kife a kan kafet. Ya ce ji ya yi kamar ya haɗiyi fasasshiyar kwalba, kuma zafin har cikin kunnensa yake harbawa. Daga wannan cokalin abinci bai sake bin maƙogwaronsa ba sai bayan makonni.

Satin farko a hannun mai kemis da maƙwabta muka yi shi. Mai kemis ya ba mu kafso da alewar maƙogwaro. Wata ta ce zuma da lemon tsami, wata ta ce ruwan gishiri mai ɗumi, wata ta aiko da rubutu a gora. Duk na karɓa, duk na gwada, kuma Allah Ya saka musu, don da zuciya ɗaya suka kawo. Amma zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi har gadon yana ƙara. Muryarsa ta koma kamar ta wanda ya cusa lomar tuwo mai zafi ya kasa haɗiyewa. Daga nan sai yawu ma ya gagare shi. Na ajiye masa gwangwanin madara a gefen gado yana tofawa, idan barci ya ɗauke shi kuma matashin kai ya jiƙe sharkaf. Wani irin wari ya fara fita daga bakinsa wanda turarena bai iya danne shi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne muƙamuƙinsa. Ya ƙage. Bakin da ke cinye malmala uku ya koma ɗan yatsa ɗaya ma da ƙyar yake shiga.

Na kai shi wani ƙaramin asibiti a adaidaita. Tun da hantsi muke kan benci sai bayan azahar aka kira mu. Likitan matashi ne, gajiya ta gama cin idonsa. Ya haska fitilar waya, ya ce Usman ya buɗe baki, baki ya ƙi. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce mu je babban asibiti sati mai zuwa, ranar da likitocin maƙogwaro ke ganin mutane. Ba na zaginsa, mutane sun yi masa yawa. Amma har yau ina mamakin a ba wa wanda ba ya iya haɗiyar yawunsa ƙwaya mai girman wake, a ce ya jira sati. Na daka su a cokali, na dama da ruwa, na ɗura masa. Ya shaƙe, idonsa ya firfito, ya kai hannu ya make kofin. Bakin kofin ya fasa mini leɓe. Da ya dawo hayyacinsa ya ga jini a haɓata, sai ya ɗauki waya ya rubuta mini haƙuri, don magana ta fara gagararsa.

Ranar ce Baffa ya kira. Baffa yayan mahaifin Usman ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifin, shi ya sayar da shanu ya sa shi makaranta. Dangin Usman Fulani ne da suka zauna a wani ƙauye bayan Jahun, suna noma suna kiwo. Tun da aka kawo ni ban taɓa kallon fuskar Baffa ba. A tsugunne nake gaishe shi, kaina a ƙasa, shi ma bango yake kallo ya amsa. Ya ji muryar Usman a waya. Washegari da safe sai ga shi a mota.

Ya sa aka fito da Usman hasken rana, ya tura masa cokali tsakanin haƙora, ya leƙa. Ni ma na leƙa ta bayansa. Belin ya kumbura ya yi jawur, ya karkata gefe guda kamar an ture shi.

"Beli ne ya sauko," in ji Baffa.

Ya ce dama ya san za a rina. Duk yaran gidansu wanzami ya cire musu beli tun suna jarirai, Usman kaɗai aka bari, don a daji aka haife shi lokacin da suka tafi kiwo kudu, babu wanzami kusa. Abin da aka bari ne ya girma tare da shi, yau ya taso masa. Magana ce mai kan gado a kunnen wanda ya ga belin nan da idonsa. Na yi ƙarfin hali na ce, cikin ƙaramar murya, likita ya ba mu rana. Baffa ya dubi bango ya ce a gaya wa yarinyar nan ciwon gida a gida ake maganinsa, kuma wanda ya kai sati mai zuwa shi ke ganin likita. Na dubi Usman. Ya gyaɗa kai. Mutumin da ya kwana biyu bai sha ruwa ba, ko me aka ce masa zai kawo sauƙi yarda zai yi.

A ƙauye na tarar da Inna, mahaifiyarsa. Usman ɗanta ne na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurin Fulani. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, ba ta nuna ta san yana duniya. Aka shigo da shi a rirriƙe, yawu na zuba a rigarsa, ita kuwa tana zaune tana goge ƙwarya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai da na zo wucewa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya jikin wancan?" A raina na ce wannan wace irin uwa ce. Iyayen da na sani a littafi da tuni sun faɗi sun suma.

Washegari da hantsi Sarkin Aska ya iso da zabirarsa. Dattijo ne mai fara'a, shi ya yi wa rabin ƙauyen aski da kaciya. Ya hango ni a bakin ƙofa ya ce, "Amarya, ɗora ruwa. Yau zan mayar miki da angonki sabo fil, tukwicina kawai ki tanada." Na ɗora ruwan. Da hannuna na ɗora.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ke haskawa. Baffa ya zauna, ya kwantar da kan Usman tsakanin gwiwoyinsa ya matse. Ƙannen Usman biyu suka danne hannuwa. Sarkin Aska ya ce ya buɗe baki, baki ya ƙi buɗewa. Sai ya zaro wani guntun itace mai faɗi, ya cusa tsakanin haƙora, ya murɗa. Ina daga ƙofar ɗaki na ji ƙarar haƙori ya karye. Usman ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba, irin na sa idan an kayar da shi. Ya riƙa shure-shure, ya harbe kwanon ruwan zafin, ya ɗaga ƙaninsa ɗaya sama ya maka da ƙasa. Yaron ya tashi ya sake hawa kansa, wannan karon da gwiwa a ƙirji. Baffa yana ta faɗin ya yi haƙuri, ya zama namiji, yanzu za a gama. Sarkin Aska ya zura 'yar lanƙwasasshiyar wuƙarsa. Kan Usman bai tsaya wuri ɗaya ba, wuƙar ma ba ta tsaya ba.

Jini ya yi tsartuwa har gemun Baffa. Sarkin Aska ya ɗago wata tsoka a bakin wuƙa ya nuna, ya ce ga ɓarawon nan. Usman kuwa yana kakari, jini na komawa ciki. Suka kifa shi, ya riƙa amayar da gudaji a kan tabarma, ƙasa tana shanyewa. Aka busa masa garin magani a baki. Mata suka shigo suna yi wa juna barka. Wata ta dafa ni ta ce in gode wa Allah, an rabu da mugun iri.

Gudun gara muka yi, muka faɗa gidan zago. Kafin wayewar gari wuyansa ta hagu ya kumbura tun daga ƙasan kunne har kafaɗa, ya yi tauri, ya yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya kasa kwanciya. A zaune yake, ya miƙa wuya gaba, numfashinsa na fita da wani siririn fito kamar ana busa kara. Na kira sunansa, ya dube ni kamar bai san ni ba.

Aka sake kiran Sarkin Aska. Ya latsa wuyan, ya ce akwai mugunya a ciki, sai an yi sakiya. Ga wadda ba ta sani ba, sakiya ita ce a gasa tsinin ƙarfe a wuta har ya yi ja, a huda kumburi da shi don mugunya ta fito. Zan faɗi gaskiya a kan dattijon nan: ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta da wurin ba, a cinya da duwawu ya saba yi. Baffa ya ce abin da aka fara a ƙarasa, ko so yake yaron ya mutu ana kallo. Shi ma Baffa idonsa ya yi ja, bai runtsa ba. Aka kawo kasko da garwashi, aka soka ƙarfen a ciki.

Na shiga wurin Inna na durƙusa, na ce ta yi wa Allah ta yi magana. Ta ce magana ta maza ce. Ƙwaryar nan dai take gogewa, amma na lura wuri ɗaya take ta gogewa.

Suka sake kwantar da shi, suka danne. Wannan karon bai yi shure-shure ba. Hannuwansa a sake suke, leɓɓansa sun yi fari kamar toka. Rashin motsin nan ne ya fi firgita ni. Na ga Sarkin Aska ya zaro ƙarfen, bakinsa ja kamar gauta, Baffa ya karkatar da kan Usman ya miƙa wuyan.

Ban san lokacin da na fito ba. Ba mayafi, ba takalmi. Na cafke ƙarfen, kuma ba ta wurin mariƙinsa na cafka ba. Na ji ƙarar fatata kamar an jefa nama a mai, na ji ƙaurinta, amma zafin bai zo ba sai daga baya. Na fizge shi na yi jifa da shi bayan danga. Na sa ƙafa na shure kaskon, garwashi ya watsu a tabarma, wani ya hau rigar Baffa. Ya miƙe yana kakkaɓewa, ya ɗauke ni da mari. Na faɗi a kan ƙafafun Usman, na rungume su, na ɗaga kai na kalli tsakiyar idon Baffa, karon farko tun da aka kawo ni gidan.

"Sai dai ku fara huda ni," na ce.

Ya ce a janye ni. Ƙanin Usman ya kamo damtsena yana ja, na gartsa masa cizo har sai da na ji gishirin jini a bakina. Ɗayan ya kama ƙafata, suna ja ina jan Usman, tabarma na ci da wuta a gefe, mata na salati. Baffa yana huci ya ce tun da yake bai taɓa ganin surukar da ta zubar da mutuncin gida irin haka ba, in tattara in koma gidan ubana, a sake hura wuta.

"Usmanu."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Inna ce tsaye a ƙofar ɗakinta, ba ƙwarya a hannunta. Ƙannen Usman suka sake ni. Su kansu ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Usmanu ɗana ne," ta ce. "Ni kaɗai na haife shi a bayan shanu, ba wanda ya riƙe ni. A kai shi asibiti."

Ta tako ta tsakiyar maza, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta, ta share masa baki da gefen zaninta. Baffa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya ce a kawo mota.

Asibitin da ya fi kusa muka fara tsayawa. Suna ganin wuyan suka sa masa iska da ƙarin ruwa, suka ce kada mu zauna, mu wuce Dutse. A hanya kansa yana kafaɗata, Inna na riƙe da gwangwani, direba bai ɗaga hannu daga hon ba. Ni fiton numfashin nan kawai nake saurare. Idan ya ɗan tsaya sai in girgiza shi da ƙarfi har ya dawo. A nan zafin hannuna ya iso, na cusa shi tsakanin cinyoyina na danne.

A babban asibiti wata nas ta tare mu da faɗa, ta ce kullum haka muke, sai mun gama kashe mutum mu kawo musu gawa ta ƙi rami. Tana faɗan tana gudu da gadon. Aka kira likitar maƙogwaro, wata gajeriyar mace mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta haska bakin, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya wa ya yanka shi. Kowa ya sunkuyar da kai. Baffa ya ce, "Ni na sa." Wannan ban manta masa ba.

Aka yi hoton wuya. Likitar ta kira mu ta nuna mana wani baƙin wuri a jikin hoton. Kalmominta sun zauna mini daram. Ta ce ƙurji ne ya fito a can cikin maƙogwaro, gefen hagu, ya tara mugunya, mugunyar ce ta ture beli gefe har ya yi kama da mai laifi. Belin lafiyarsa ƙalau. Yankan da aka yi ya buɗe wa ciwon hanya, ya gangara cikin wuya, yanzu yana matse hanyar numfashi. Da na ba ta labarin sakiya, sai ta ɗora yatsa a kan hoton, ta ce jikin ƙurjin akwai jijiyar da ke kai jini kai, kaurinta ya kai ɗan yatsa. Da ƙarfen ya same ta, da ba a fito da shi daga tsakar gidan da rai ba. Baffa ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ta ce abu biyu za su yi, kuma yanzu. Za su huda gaban wuya su sa bututu ya riƙa numfashi ta nan, sannan su tsaga gefe su kwashe mugunya. Aka nemi jini. Ƙannensa biyun nan da suka danne shi su suka miƙa hannu, ɗaya da shatin haƙorana a damtse. Aka shiga da shi tiyata bayan la'asar. Kayan aiki da magunguna kuwa ba a jira, kowace takarda aka miƙo sai an biya. Washegari Baffa ya koma ƙauye, ya kai bijiminsa kasuwar Jahun, wanda ake cewa ko da wasa ba ya son a taya. Mutumin da ya mare ni shi ya biya kuɗin aikin. Har yau ban san inda zan ajiye waɗannan abubuwa biyu a zuciyata ba.

Sati na farko a kan gadon asibiti ya fi komai muni. Usman ya farka ya ji abu a maƙogwaro, ya kai hannu zai fizge, sai da aka ɗaure hannuwansa a jikin gado da bandeji. Ba ya magana, ba ya ihu, sai ido. Idan bututun ya toshe da majina sai a zura masa siririyar roba a tsotse da inji, jikinsa duka ya banƙare, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa. Kullum da safe a buɗe gefen wuyan, a matse, mugunya ta fito mai warin da ke korar masu jinyar gadon kusa. Yana riƙe ƙarfen gado har sai da ya lanƙwasa shi. Abinci ta robar hanci ake ɗura masa, kunu da madara a sirinji. Ni da na yi mafarkin ba shi farfesu a baki, sirinji na riƙa turawa da hannun hagu.

Nas ɗin nan mai faɗa ita ta lura da hannuna. Ta fizgo shi ta buɗe, ta ce in ba hauka ba wa ke kama wuta da tafi. Ta wanke, ta yanke matacciyar fatar ina cizon mayafi, ta naɗe, kuma kullum sai ta duba ba tare da na roƙa ba. Matan da ke jinya a ɗakin suka sa mini suna Mai Lalle. Wata tsohuwa daga Kafin Hausa, mai jinyar ɗanta, kullum sai ta ce, "Mai Lalle, wannan ƙunshin na bikin wa ne? Idan ya tashi bai saya miki atamfa ba, ki kawo mini ƙararsa." Su suka riƙa wanke mini kwanuka, su suka riƙa ɗaure mini ɗankwali.

Zazzaɓi dai ya ƙi sauka. An yi aiki, ana allurai, amma jiki kamar wuta. Likitar ta ce ta aika mugunyar ɗakin gwaji don a gano ainihin ƙwayar cutar. Sakamakon ya yi ta jan ƙafa, yau a ce gobe, gobe a ce injin ne, ni kuwa ina kallon mijina yana narkewa. A nan na yi kuka na kuma yi faɗa, kuma ban janye faɗan ba har yau. Da ya fito a sati na biyu, ta ce ƙwayar ba irin wadda suka saba gani ba ce. Irin wadda ba ta son iska ce, tana ɓuya a inda iska ba ta kaiwa, kuma kafson da muka yi ta saye ko gaishe ta ba ya yi. Ta canza allura. Ba a samu a asibiti ba. Na zaga kemis-kemis na Dutse a adaidaita da hannu a naɗe, sai a na ƙarshe aka dace, da tsadar da ta sa na cire 'yan kunnena na aure. Bayan kwanaki kaɗan da fara ta, na taɓa goshinsa da safe na ji sanyi. Na sake taɓawa da kumatuna don ban yarda da hannuna ba.

Baffa yana zuwa, amma a gindin bishiyar waje yake zama, ba ya shiga idan ina ciki. Mun koma gaisuwar bango kamar da. Maganar in koma gidan ubana ba wanda ya sake tayar da ita. Na ji an ce a ƙauye yana faɗin wanzami ne ya fasa ciwon, asibiti suka ƙarasa. Inna kuwa tun ranar da aka ce ya tsallake ta koma gidan jiya. Tana zaune a baranda, idan na fito ta ce, "Wancan ya yi barci?"

'Yan uwa, ga abin da na biya da tsada na koya. Ciwon maƙogwaro da ya tsaya gefe ɗaya yana harba kunne, murya ta toshe, yawu ya gagari haɗiya, baki ya ƙi buɗewa, wannan ba na zuma da lemon tsami ba ne. Kada ki karɓi ranar sati mai zuwa. Ki tafi ɓangaren gaggawa na babban asibiti, ki ce ba ya iya haɗiyar yawu, ki maimaita har a ji ki. Idan kin ga beli ya karkata, wani abu ne ya ture shi daga baya. Kada a sa wuƙa, kada a sa wuta. Waɗanda za su ce a sa ɗin ba maƙiya ba ne, masoyansa ne, shi ya sa hana su ke da wuya. Allah Ya saka wa likitar nan da nas ɗin nan da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana gaba ɗaya.

A sati na huɗu likitar ta ce gobe za a cire bututu, zai iya magana. Na ɗauki wannan maganar na yi ta juya ta. Mutumin da ya leƙa kabari ya dawo, ya ga abin da matarsa ta yi, me zai fara faɗa? Na tsara masa jimloli kala-kala a raina, kowace ta fi 'yar uwarta daɗi. Da safe na yi wanka, na sa kwalli, tsohuwar Kafin Hausa ta ɗaura mini ɗankwali tana dariya.

Likitar ta zare bututun, ta rufe ramin da auduga da filasta. Ta ce ya danna wurin da yatsa ya yi magana. Ya danna. Ya dube ni. Na matso.

"Ruwa," ya ce, da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa.

Nas ta fashe da dariya, ta ce Mai Lalle an yi kwalliyar banza. Likitar ta ce a ba shi kaɗan, a hankali. Na tsiyaya a kofi na kai bakinsa. Kurɓar farko ta dawo ta hanci, ya yi tari har filastar ta ɗaga. Likitar ta ce wannan aikin wuƙar ne, an yanke fiye da beli, zai ragu amma mai yiwuwa ba zai bar shi duka ba. Ta ce ya sunkuyar da haɓa ya sake gwadawa.

Ya sunkuyar. Ya kurɓa. Har masu jinyar gadon kusa sun miƙo wuya. Na zuba wa maƙogwaronsa ido, saman filastar nan, na ga ya hau, ya tsaya, ya sauka. Ya rufe ido ya daɗe a haka. Da ya buɗe, sai ya karɓi kofin daga hannuna ya shanye sauran da kansa, ya danna yatsa a wuya, ya miƙo mini.

"Ƙaro," ya ce.